Gafakar Maraɗi a Tashar Agwagi

Jiya ina zaune a ƙofar shago na ji ɗayanku, ba sai na kama suna ba, yana cewa wai duba kaya ba sana'a ba ce. Wai ka shiga mota ka je Shiling, garin masana'antun jaka, ka ɗauki hoton jaka da waya, ka tura Kano, shi ke nan an gama. Har da dariyarsa. To ku zauna, tunda shayin ma bai nuna ba. Ni Haladu na fara aikin nan tun Sinawa na shafa hannuna su duba yatsunsu ko baƙin ya zuba. Zan gaya muku yadda ake yinsa, in kuma gaya muku ranar da na ƙi yinsa yadda ake yi.

Kwali sittin na jakunkunan mata, su ne aikina na farko, a casa'in da bakwai. Lokacin mu Hausawa a Guangzhou ko mun haɗu gaba ɗaya ba ma cika sahu biyu. Fatauci na zo yi, abin ya ƙi, sai Malam Ilu ya ɗauke ni. Shekarata talatin da huɗu, da gemuna, da 'ya'ya uku a Fagge, na koma ɗan koyo. Malam Ilu baduku ne ɗan baduku daga cikin birnin Kano, ya daɗe a Bankok kafin ya biyo 'yan kasuwa nan. Ba ya saye, ba ya sayarwa. Alhaji zai ba da odar jaka ko takalmi ya koma gida, shi kuma Malam ya duba kayan kafin a loda, ya zana alamarsa da jan alli a jikin kwali. Alamar ba wata aba ba ce, alif ne da ɗigo a ƙarƙashi. Amma daga Kantin Kwari har Maraɗi, kwalin da ya iso da ita ba a sake zazzage shi don a duba.

Ba mu da shago. Shagonmu wata 'yar tashar jirgin ƙasa ce arewa da birni, ta wajen Huadu. Tana da sunanta na Sinanci, harshenmu ne ya ƙi juyawa, sai muka sa mata Tashar Agwagi, saboda kullum manoma na shiga jirgi a nan da agwagi cikin kwanduna za su kai kasuwar birni. Manyan jiragen da ke zuwa arewa ko kallonta ba sa yi. Ɗan koren jirgin nan ne mai kujerun katako yake tsayawa, wanda ba ya wuce ko da rumfar mai shayi bai tsaya ba. Sau uku yake zuwa daga birni a yini, sau uku yake komawa. Mu na safe muke bi bayan asuba, mu dawo a na biyar da rabi na yamma, kwalayenmu a taragon kaya, mu a tsakiyar agwagi da leburori.

Za ku ce me ya hana mu je masana'antar mu duba a can. Haka ni ma na tambaya. Malam ya ce, "Haladu, ba ka ƙin kayan mutum a ɗakinsa." A can za a ba ka kujera, a ba ka shayi, fitilar ta zama ja-ja, lawban, wato maigidan wurin, yana tsaye a kanka yana murmushi. Kafin ka ankara ka ji kunya. Shi ya sa Malam ya kafa sharaɗi, duk mai son allinsa ya kawo kaya tasha a keke mai ƙafa uku. Abin da ya yi kyau ya hau jirgi, abin da bai yi ba ya koma a keken da ya kawo shi.

Tashar kanta gini ɗaya ce mai ruwan ɗorawa, da dogon dakali na siminti a gefen dogo. Akwai tagar tikiti, inda ma'aikatan da ke zuwa birni kullum ke yankar na wata guda mai hoto, mu ma irinsa muka yanka. Akwai ƙatuwar tukunyar ruwan zafi da ba ta mutuwa, kowa ya zo da kwalbarsa ya tara, mu kuma da ita muke sirka ruwan alwala lokacin sanyi. Akwai ɗakin awo da ajiya, kuma nan ne wurinmu. Mai kula da shi wani tsoho ne siriri da muke kira Baba Sikeli. Shi yake auna kwali, ya manna masa takarda, ya ajiye abin da zai kwana. Ya ba mu dogon benci ɗaya a gindin taga, inda hasken rana ke faɗowa sosai. Ba ya jin Hausa, ba ma jin nasa sai kalma goma, amma da hannu da wani tsohon hoto da ke bango ya ba mu tarihin wurin kaf. Da fari ba don mutane aka yi tashar ba, don lodin bulo da shinkafa ne, ubansa ma a nan ya yi dako. Da masana'antu suka yawaita a birni aka buɗe tagar tikiti, har ta kai da safe ba wurin sa ƙafa a dakali. Da aka shimfiɗa kwalta, motoci suka fara kwashe mutane. Zamanin da muka zo, tashar ta riga ta fara tsufa, kamar mai kula da ita.

Kayan aikinmu duka a jaka ɗaya suke: aska, basilla da zare, ɗan madubin ƙara girma, ashana, farin ƙyalle, sai jan alli wanda ba ya barin aljihun Malam. Ƙyallen ka jiƙa ka goga, ka ga ko rini na zuba, don kada matar mutane ta saƙala jaka ta tashi da jan kafaɗa. Ashana ka ƙona ɗan gefe, fata ta yi ƙaurin gashi, roba ta narke ta yi ɗanko. Zif ka ja shi sau ashirin. Hannun jaka ka rataya mata bulo biyu ka bar ta. Duk wannan wata guda ya isa mutum ya iya, ko ku ma za ku iya.

Abin da ba a iyawa a wata guda shi ne shafi, wato fatar da ake sa wa jaka ko takalmi ta ciki. Mutanen nan suna son yin shafi da fatar alade, don tana da laushi, tana da araha, kuma su a wurinsu ba komai ba ce. Ba mugunta ba ce kullum, wani ko ka gaya masa bai ga abin damuwa ba. Alamarta ita ce ƙofofin gashi, uku-uku suke zama kamar duwatsun murhu. Sai dai idan an shafe fuskarta da fenti ba ka ganinsu ko da madubi. Dole ka tsaga ɗinki, ka juyo bayanta, ka miƙe ta a kan gwiwar yatsa ka ɗaga wa haske. Ƙa'idar Malam ita ce ɗaya cikin goma, kuma daga ƙasan kwali, ba daga sama ba. Ka tsaga, ka duba, ka mayar da ɗinkin yadda mai shi ma ba zai gane ba.

Wata rana muna kan takalman maza, na gaji, na ɗaga ɗaya na juya shi na ce, "Malam, wannan ai ba sai an tsaga ba. Ido ba mudu ba, ya san kima."

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Idon wa? Naka da ka samu jiya?" Ya miƙo mini aska. Na tsaga, tunkiya ce lafiyayya. Na ce to ga shi, ai na faɗa. Ya ce, "Yanzu ka sani. Ɗazu cewa ka yi." Ya sa na ɗinke, na ɗauko na gaba. Haka muka yi har la'asar, ban samu ko ɗaya mara kyau ba, ina ta cika ina batsewa, shi ko a jikinsa.

Masu ba mu aiki iri-iri ne. Akwai alhajin da zai ce a bar kayan su wuce ko yaya suke, shi sauri yake yi, Malam ya ce to su wuce ba alli. Akwai wanda zai zage ka don ka mayar da kaya, bayan wata uku ya aiko maka da turare. Amma babu kamar Alhaji Sidi na Maraɗi. Dattijo ne fari, mai sanyin magana, shekara ashirin suna tare da Malam tun daga Bankok. In ya zo ba ya ko zuwa tasha. Sai ya ce, "Ilu ya gani, na gani."

Sai muguwar shekara ta zo, casa'in da takwas. Ruwa ya yi ɓarna a ƙasar, fatar tunkiya ta yi wuya, masana'antu suka shiga 'yan dabaru. Abin da muke mayarwa ya ninka. A daidai lokacin kuma aka ƙara wa manyan jirage gudu, ɗan koren jirginmu ya zama ƙarfen ƙafa a kan dogo. Aka soke ɗaya daga cikin ukun. Bayan 'yan watanni muka iso da safe muka tarar da sabuwar takarda a bango, mutane sun yi cirko-cirko. Baba Sikeli ya ja hannuna, ya nuna ƙarfe biyar da rabi a agogonsa ya ce, "Meyo," wato babu. Ya nuna ƙarfe ɗaya da kwata, ya ɗaga yatsa ɗaya. Jirgin komawa ɗaya ya rage ke nan, kuma da rana tsaka. Sannan ya nuna ɗakin ajiya, ya kwatanta kulle ƙofa, ya ƙirga mini kwanaki a yatsu. Ƙarshen wata za a rufe tashar ga fasinja, kuma daga ranar an hana shi karɓar kayan kwana.

A cikin wannan hali Alhaji Sidi ya ba da odar gafaka ɗari huɗu, jakar Alƙur'ani, yana so su isa Maraɗi kafin azumi. Wasu na sayarwa, wasu zai raba wa malamai da makarantu sadaka. Ya kawo tsohuwar gafakar mahaifinsa aka kwaikwaya. Bayanta saniya, shafinta tunkiya, haka aka rubuta, haka aka buga hatimi. Ya koma gida. Sati biyu kafin kayan su fito ƙafar Malam ta kumbura, ciwon suga ya tasar masa, ko takalmi ba ya shiga. Ranar da za a kawo kaya ya kira ni bakin katifarsa, ya ciro jan allin ya sa mini a hannu. Wata goma sha shida ina binsa, ban taɓa riƙe shi ba. Bai yi mini wa'azi ba, cewa kawai ya yi, "Daga ƙasa, Haladu."

Na isa tasha bakwai da rabi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. An yi da lawban kaya za su iso takwas. Tara ta yi, goma ta yi, sha ɗaya ta wuce. Ina tsaye a bakin ƙofa, Baba Sikeli na ta miƙo mini ruwan zafi ina ƙi. Sha biyu da minti ashirin keke uku suka shigo, kwali ashirin an lulluɓe da leda, lawban da kansa a baya, jiƙe sharkaf, yana ta ba da haƙuri wai gada ce ta cika.

Ku lissafa da kanku. Gafaka arba'in ya kamata in tsaga in ɗinke, aikin awa huɗu ga mai sauri. Ina da minti hamsin da biyar, a ciki har da awo. Ɗakin ajiya ba ya karɓar kwana. Gobe da safe ake rufe kwantena a birni, in ta tafi babu wata sai bayan sati uku, azumi ya wuce Alhaji ke nan. Mota kuma ba na iya bi, don bizata ta mutu tun bazara, a kan kwalta akwai shinge ana tambayar takardu, a ɗan jirgin nan ne kawai ba mai tambayar kowa. Duk wannan gaskiya ne. Amma kada in yi muku ƙarya, akwai hanya. In mayar da kayan, in je in ce wa Malam ban samu dubawa ba, a bugo wa Alhaji a ba shi haƙuri. Abin da ya hana ni shi ne ranar farko ce da aka ba ni alli, ba na so in koma hannu rabbana a ce Haladu bai iya ba.

Na buɗe kwali huɗu. Na goga ƙyalle, na ƙona gefe, na ja maɗauri, duk lafiya. Na tsaga guda uku, tunkiya ce tsaf. Daga sama na ɗauke su, don zazzage kwali cin lokaci ne. Da na zura hannu ƙasan kwali na huɗu na taɓa shafin wata, sai na ji santsinta ya ɗan bambanta, kamar ta fi sanyi. Wallahi na ji. Na tsaya da hannuna a ciki. Sai aka buga ƙararrawa, Baba Sikeli ya fara jan kwalaye kan sikeli yana kiran sunana yadda ya iya. Na zare hannuna, na ciro alli, na bi kwali ashirin ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, alif da ɗigo, alif da ɗigo. Lawban ya kama hannuna da hannu biyu yana godiya.

Al'adarmu ce a kowace oda mai dubawa ya riƙe guda biyu shaida. Ban san abin da ya sa ba, daga ƙasan kwali na huɗu na zaro nawa. Jirgi ya tashi. Muna wuce tasha ta biyu na kasa haƙuri, na fito da aska na tsaga ɗaya a kan cinyata, na miƙe shafin a yatsa na ɗaga wa taga. Ga su nan, uku-uku, reras. Na yi salati a hankali. Wata tsohuwa mai kwandon agwagi a gabana tana ta kallona.

Har a lokacin ƙofa ba ta rufe ba. Kayan na jirgi ɗaya da ni, ina iya hana su shiga kwantena. Na sauka a birni, masu dako suka kwashe, na bi su har sito, na tsaya ina kallo aka jera su. Na ce a raina wataƙila wannan ɗayar ce kawai. Na san ƙarya nake yi wa kaina, don ba a yanka fatar alade saboda jaka ɗaya. Na koma gida Malam ya ce yaya, na ce lafiya lau.

Kwana goma sha tara ina ɗauke da abin nan. Abinci ba ya shiga, in na ɗauki Alƙur'ani sai in ajiye. Duk sanda Malam ya ce ina shaidar Maraɗi, sai in ce na manta ta a sito. Ran na ashirin da hantsi, ƙafar ta ɗan saɓe, yana zaune a tabarma, ya ce, "Haladu, yau dai kawo mini gafakar nan. Tawa ta tsufa, ina so in sauya wa Alƙur'anina." Kun ji inda na ƙare. Ba yadda za a yi in bar shi ya sa. Na ɗauko wadda ban tsaga ba na miƙa masa, na tsuguna.

Ko aska bai nema ba. Ya zura yatsa biyu ciki, ya murza sau ɗaya, ya ajiye ta a ƙasa nesa da tabarma. Ya juyo gare ni.

"Ka tsaga?"

"Na tsaga, Malam."

"Kafin alli ko bayan alli?"

Bai jira amsa ba, ya ce in miƙo masa sandarsa.

Akwai wani shago a bakin layinmu inda ake buga waya ƙasashen waje. Tafiyar minti biyar ce, muka yi ta a rabin awa, yana dafe da kafaɗata. Aka samu Alhaji Sidi. Ina tsaye a gefensa, ina jin komai. Bayan gaisuwa Malam ya ce, "Alhaji, kayan da ke kan ruwa, shafinsu alade ne. Kada a sayar, kada a bayar, kada a sa Littafi a ciki ko na minti ɗaya." Sai na ji muryar Alhaji ƙasa-ƙasa yana tambaya wa ya duba. Na buɗe baki, Malam ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Allina ne a kai. Ni na duba."

A hanyar komawa na ce, "Malam, don Allah ka bari in kira shi in faɗi gaskiya." Ya tsaya ya huta a kan sandar, ya ce, "Ba don kai na yi ba, kada ka ɗauka. Alhaji ba Haladu ya ba amana ba, Ilu ya ba. Ni na miƙa alli ga wanda bai kai ba. In ka kira shi ka ƙara mini ƙarya a kan ganganci." Ban kira ba. Na ce wa kaina biyayya nake yi, amma na ji daɗin hanin, kuma wannan jin daɗin shi ne abin da na fi jin kunyarsa har yau.

Kaya suka isa Maraɗi ana saura kwana shida azumi. Alhaji Sidi ya sa aka fita da su bayan gari, aka zazzage, aka tarar kowane kwali jeri biyu na sama ne kawai tunkiya. Ya sa aka haƙa rami aka ƙone duka, har masu kyan. Lawban kuwa da aka neme shi, an ce ya tashi daga inda yake. Labari ya riga iska. Kafin sallah daga Kano har Yamai an san cewa idon Ilu ya mutu, suga ya cinye shi. Ba wanda ya zage shi, tausayinsa ma ake ji, kuma ba wanda ya sake kawo masa oda. Kwalayen da ke hanya masu alif da ɗigo duk sai da aka zazzage su aka duba.

Tashar ma an rufe ta a ranar da aka ce. Na je sau ɗaya a mota can daga baya, da na samu takardu, don in kwaso bulon gwajinmu da wata buta. An kashe tukunyar ruwa, an toshe tagar tikiti da katako, jirage na wucewa da gudu har ƙasa na rawa. Baba Sikeli ba ya nan, wani mai gadi ya nuna mini da hannu cewa ya koma ƙauye. Malam kuma ya tattara ya koma Kano bayan sallah. Na raka shi filin jirgi, ya yi mini addu'a kamar yadda ake yi wa kowa. Ya zauna a wata 'yar rumfa yana gyaran takalma, bayan shekara biyu Allah ya karɓi abinsa.

Da bazara ta kewayo, Malam na nan da ransa a Kano, na gyara takarduna, Alhaji Sidi ya dawo Guangzhou. Ya aiko a kira ni masaukinsa. Na tafi ina cewa yau asiri ya tonu, har na ji sanyi a raina. Na same shi a kan darduma, ya sa aka kawo mini shayi. Ya tambayi jikin Malam, ya girgiza kai, ya ce tsufa ba shi da magani. Sannan ya turo mini takardar sabuwar oda, jakunkunan makaranta ne da takalma.

Ya ce, "Malam Haladu, kai za ka riƙa duba mini daga yau. Na san hannunka. Da kai ka duba gafakar nan, da haka ba ta faru ba."

Na kalli takardar. Na ce, "Allah ya kiyaye gaba, Alhaji." Na sa hannu biyu na karɓa.

Shekara goma sha ɗaya ina duba masa kaya, har ya rasu. Duk wanda ya tambaye shi mai duba kaya mai amana a China, sunana yake faɗa.